Idan takardar aikinka ta ce Lincolnshire

Ranar da na iso, daga tashar King's Cross ta Landan na hau jirgin ƙasa zuwa Grantham, na canza wani ɗan ƙarami mai tarago biyu da zai kai ni Boston. Tun da muka wuce Sleaford nake leƙen taga ina neman Ingilar da na saba gani a talabijin. Babu ita babu dalilinta. Gonakin kabeji ne shimfiɗe har iya ganin ido, ƙasa baƙa wuluk, ko shurin gara babu balle tudu, sai magudanan ruwa miƙaƙƙu kamar da rula aka ja su. Na ce a raina, to, Kadawa na baro, Kadawa na tarar, sanyi ne kawai aka ƙara mini.

Saboda haka ɗan'uwa ko 'yar'uwa da aka turo nan aikin asibiti ko gidan kula da tsofaffi, fara da sanin ƙasar da ka taka. Ita za ta yanke maka inda za ka kama haya, da yadda za ka je aiki, da irin maƙwabcin da za ka samu.

Lincolnshire gunduma ce a gabashin Ingila, ta biyu a girma bayan North Yorkshire. Faɗinta ya kusa murabba'in kilomita 7,000, wajen sulusin Jihar Kano ke nan, amma mutanenta duka da kaɗan suka haura miliyan ɗaya. Kogin Humber ne iyakarta ta arewa, teku a gabas. Birnin Lincoln, hedikwatar gundumar, mutum dubu ɗari da 'yan kai ne a ƙidayar 2021. Sauran garuruwan kowanne na zamansa daban, gona ta raba su: Grimsby mai sana'ar kifi da Scunthorpe mai ƙarafa a arewa, Grantham a yamma, Boston da Spalding a kudu, Skegness a bakin teku. Akwai 'yan tuddai a arewa maso gabas da ake kira Wolds, mafi tsayinsu mita 168 kacal, wanda mutumin Jos zai ji ya yi dariya.

Kudancin gundumar, inda yawancin gonakin kayan lambu suke, fadama ce da aka ƙwace daga hannun ruwa. Mu a Kura da Bunkure wahalarmu jawo ruwa zuwa gona. Su tasu wahalar korar ruwa daga gona, kuma sun shafe shekara ɗari huɗu suna yi. A ƙarni na 17 aka ɗauki aikin gadan-gadan, da kuɗin masu jari da gwanintar mutanen Holan. A 1626 Sarki Charles na ɗaya ya ba wani injiniya ɗan Holan, Cornelius Vermuyden, aikin busar da yankin da ya haɗa da Axholme a arewa maso yamma. Talakawan fadama, waɗanda abincinsu kifi ne da agwagin ruwa da yankan ciyawar jinka, ba su yi maraba da abin ba, don sun san gonar da za ta fito ba tasu ba ce. Sun sha fasa madatsun da aka gina. Daga baya aka zo da famfunan iska, sai na tururi, sai na gas, yau na lantarki. Har gobe idan famfunan nan suka tsaya, ruwa zai dawo gidansa na asali, domin wurare da dama idan teku ta cika ta fi su tudu.

Kada ka ɗauka labarin kakanni ne. A 1953 teku ta ɓalle cikin dare ta kashe fiye da mutum 40 a gaɓar gundumar. Ranar 5 ga Disamba 2013 ruwa ya shiga ɗaruruwan gidaje a cikin Boston, abin da ya sa aka gina katafariyar ƙofar tare ruwa a kogin garin. Kafin ka sa hannu a takardar haya, sa lambar unguwar a shafin gwamnati na duba haɗarin ambaliya, ka kuma yi rajistar saƙon gargaɗi. Kyauta ne. Gidan da ka ga ya yi araha ƙwarai a ƙasan bene kusa da kogi, ka tambayi dalili.

Magudanan nan su ne kuma abin tsoro a hanya. Titin ƙauye siriri ne, a gefensa rami mai zurfi cike da ruwa, sau da yawa babu shinge. Daga kaka zuwa hunturu taraktoci na fitowa daga gonar dankali da gwozar sukari su shafe kwalta da taɓo, ga hazo, ga rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba. A watana na biyu na tashi aikin yamma a wani ƙauye, na tsaya jiran bas ɗin da ashe ta ƙarshe ta wuce tun ƙarfe shida. Waya ta mutu. Na taka fiye da awa ɗaya a bakin magudana cikin baƙar riga, duk motar da ta taho sai na maƙale a ciyawa ina salati. Wani dattijo mai a-kori-kura ne ya tsaya, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ko dai na gaji da duniya ne nake yawo cikin duhu babu riga mai ƙyalli. Har ƙofar gida ya kai ni, na miƙa masa kuɗin mai ya ƙi karɓa. Washegari na sayi rigar da tocila.

Darasin da na biya da ƙafata, kai karɓe shi a banza: ka kama gida gwargwadon lokutan aikinka da jadawalin bas, kada taswira ta ruɗe ka da cewa mil takwas ne kawai. Akwai bas ɗin da ake kira a yi oda, CallConnect, tana taimako, amma ba za ta fid da mai aikin dare ba. Mota a nan ba alfarma ba ce. Lasisin Najeriya ko na Nijar wata 12 kawai zai yi maka daga ranar da ka zama mazauni, kuma ba a musanya shi, sai ka zauna jarrabawa. Layin jarrabawar tuƙi na da tsawo, ka fara nema tun watan farko.

Tarihin sarauta da gine-gine ba zan ja shi ba, ranar hutu ka je Lincoln ka gani da idonka. Rumawa ne suka kafa garin, an gina fādarsa mai ganuwa a 1068, aka fara babbar majami'ar a 1072, wadda ta taɓa zama gini mafi tsayi a duniya sama da shekara ɗari biyu. Ɗaya daga cikin kwafi huɗu da suka rage na Magna Carta, yarjejeniyar 1215 da ta taƙaita ikon sarkin Ingila, yana can. Isaac Newton da Margaret Thatcher duk 'yan yankin Grantham ne, Boston ta Amurka kuwa sunan wannan ƙaramar Boston ta ci.

Tarihin da zai shafe ka kai tsaye na kusa ne. Gona na son hannu, 'ya'yan gari kuma suna tafiya birni. Da ƙasashen gabashin Turai suka shiga Tarayyar Turai a 2004, sai 'yan Poland da Lithuania da Latvia suka cika gonaki da masana'antun shirya kayan lambu. Ƙaramar hukumar Boston ta tashi daga mutum kusan 56,000 a 2001 zuwa 70,500 a 2021. 'Yan gari da yawa sun ji an yi musu sauri, shi ya sa a ƙuri'ar 2016 Boston ta fi ko'ina a Birtaniya zaɓen ficewa daga Tarayyar, da kashi 75.6 cikin ɗari. A ɗaya gefen, tsofaffi masu fansho na ta ƙaura zuwa gaɓar teku, har a ƙaramar hukumar East Lindsey kusan mutum uku cikin goma sun kai shekara 65. Masu tsufa sun yi yawa, masu jinya sun yi kaɗan. Dalilin zuwanka ke nan.

Fiye da kashi 95 cikin ɗari na mutanen gundumar fararen fata ne, don haka a ƙauye za a kalle ka. Wani kallon na mamaki ne, wani na ƙi ne, kuma ba zan ce maka na biyun babu shi ba. Na gamu da shi. Amma a ganina mutumin nan kamar baƙauyen ko'ina yake: ba ya saurin sakin jiki, idan ya saki kuma har ƙwai zai ajiye maka a bakin ƙofa. In tsohuwa ta kira ka da kalmar da ke nufin agwagwa, kada ranka ya ɓaci, "duck" a bakinsu kamar "ɗana" ne a bakin iyayenmu. Maganar wariya a wurin aiki kuwa, rubuta rana da lokaci ka kai ƙara a rubuce, kuma ka shiga ƙungiyar ƙwadago tun kafin buƙata ta taso.

Hattara da abincin da suke alfahari da shi. Tsiren hanjinsu mai sunan gundumar naman alade ne, haka haslet, kuma burodin zabibinsu wani da kitsen alade ake kwaɓa shi, sai ka karanta jikin leda. Akwai masallaci a Lincoln, da Boston, da Grimsby, da Scunthorpe. Wanda ke kudu, Peterborough ta fi masa kusa wajen naman halal mai yawa da garin tuwo da manja. Mukan haɗa kuɗi mutum huɗu, mota ɗaya ta je ta yi wa kowa sayayyar wata.

Kayan miya dai ba za su ba ka wahala ba. Kasuwar Boston na ci Laraba da Asabar, kuma a bakin gonaki za ka ga tebur an jera buhun dankali da albasa da ƙwai, an rubuta farashi a kwali, ga ɗan akwatin jefa kuɗi, babu mai tsaro. Ka riƙa ajiye silalla a mota saboda su, yawancinsu ba sa karɓar kati.