Yadda ake haɗa samfurin nukiliyosom don gane aikin histon

Ɗalibai da yawa sun haddace sunayen histon, wato furotin ɗin da DNA ke naɗewa a kansa, amma da ka ce su nuna yadda yake toshe ƙwayar gado ko ya buɗe ta, sai ido ya raina fata. Maganin abin shi ne a gina nukiliyosom da hannu, wato dunƙulen histon da DNA ya naɗe. Kada ka ɓata kuɗi a kan samfurin roba, takarda da igiya sun wadatar.

Da farko dunƙule takarda guda 8, ka rubuta musu suna biyu-biyu: H2A, H2B, H3 da H4, ka manne su wuri guda. H1 ba ya cikin takwas ɗin nan. Ajiye shi gefe, daga waje yake zama inda igiya ke shiga da fita.

Sai ka naɗa igiyar, wato DNA. Kada ta cika zagaye biyu, kusan 1.65 ne, mai ɗauke da tubalan DNA 146 a haɗe biyu-biyu, kamar yadda aikin Karolin Luger da abokanta ya nuna a 1997. Me ke riƙe ta? Histon cike yake da laisin da ajinin, tubalan furotin masu cajin fozitif, DNA kuwa nagatif ne.

Yanzu wutsiyoyi, kuma nan na sha ganin an zame. Liƙa guntun zare a jikin kowane dunƙule ya leƙo waje. Ɗaura jan ƙyalle a wutsiyar H3, shi ne asetil, ƙaramin sinadari da ake liƙa wa laisin. Yana kashe cajin laisin, don haka sassauta igiyar da yatsa, ka ga yadda RNA folimares, furotin mai karanta DNA, zai sami hanyar kwafar saƙo. Cire ƙyallen, aikin HDAC ke nan, wato furotin mai cire asetil, ka sake ɗaurewa tamau.

Metil fa, wani ƙaramin sinadarin da shi ma ake liƙa wa laisin? Ni ma na daɗe ina rubuta cewa kullum rufewa yake yi, har aka ja mini jan biro a kai. Metil ba ya taɓa caji ko kaɗan, tambari ne da wasu furotin ke karantawa. Idan metil uku suka sauka a laisin na 4 na H3, wurin na aiki. A na 9 ko na 27 kuwa, an kulle. Saboda haka ban yarda a ɗaura ƙyallen metil ba tare da an rubuta lambar laisin a jikinsa ba.

Ragowar mai sauƙi ne. Yi irinsa uku a igiya ɗaya, bar tazara tsakani, sa H1, ka tattaro su su cure.