Kurakuran da muke yi idan hadari ya ɗauke sigina

Da zarar hadari ya haɗu hoto ya fara kakkatsewa, can sai ka ga No Signal, abin da yawancinmu ke yi shi ne mu rarumi rimot mu shiga saiti muna danne-danne, wani ma har ya maida dikoda yadda ta fito daga kamfani. To ka goge tashoshinka a banza, dikodar nan lafiyarta ƙalau. Ƙananan dish ɗin gida galibi zangon sigina da ake kira Ku-band suke kamawa, wajen gigahaz 11 zuwa 12, ita kuma irin wannan sigina ruwan sama shanye ta yake yi. Tauraron ɗan'adam da ke aiko da siginar yana can sama kusan kilomita 36,000, dama siginar a galabaice take isowa, balle ta ratso hadari mai nauyi. Shi ya sa wani lokacin hoto ke ɗaukewa tun ruwa bai sauka a kanku ba, hadarin ne ya tare tsakanin dish da tauraron. Ka ajiye rimot kawai ka jira.

Wanda ya fi ban haushi shi ne mai hawa rufi ana tsaka da ruwa wai zai juya dish. Ga santsi ga tsawa, kuma ko ya sauko lafiya ya gama kauce saitin, gobe rana tarwai amma babu hoto.

Gyaran na gaskiya ranar da gari ya yi wasai ake yin sa. A shafin sigina akwai layi biyu, Strength (ƙarfi) da Quality (inganci), mutane na farkon suke kallo su ce ai ya cika, alhali na biyun ne ke riƙe hoto. In mai saiti ya bar maka shi da ƙyar yake kamawa, yayyafi ma ya isa ya kayar da shi, don haka kar ka sallame shi sai ya ɗaga shi iya yadda zai ɗagu, ya kuma ɗaure notuka tamau saboda iska. Dish mai faɗin santimita 90 ya fi na 60 juriya, amma kar wani ya ce maka ba zai taɓa ɗaukewa ba.

Idan ruwa ya tsaya da daɗewa sigina ba ta dawo ba, to nan akwai matsala. Duba murfin LNB, wato 'yar na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina, ko ya tsage, duba mahaɗin waya ko ruwa ya shige ya yi tsatsa, a yanke a sa sabon kai a naɗe shi da kyau. Wayar kuma a ɗan lanƙwasa ta ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje.

Sai batun tsawa, kashewa da rimot ba ya hana komai wallahi. Zare fulogi daga soket, ka kwance wayar dish daga bayan dikoda, tun hadari yana nesa ba sai an fara walƙiya ba.