Yadda za ka yi amfani da haske ka daidaita barcinka

Idan barci ba ya ɗaukarka sai ƙarfe uku na dare, mai yiwuwa agogon jikinka ne ya yi latti, kuma hasken safiya yana janyo shi ya dawo da wuri.

Da farko, fara daga lokacin da ka saba farkawa da kanka. Kada ka yi gaggawar tashi da asuba, domin hasken da ya zo da wuri sosai yana iya ƙara dagula lamarin.

Kana tashi, ka fita rana, ko ka zauna gaban fitila mai ƙarfin luks 10,000 (luks ma'aunin haske ne) na minti 30. Ajiye ta a gefe, kada ka ƙura mata ido.

Duk bayan kwana biyu, ka tashi minti 15 kafin lokacin jiya, har da ranakun hutu. Da dare ka rage fitilu, ka ajiye waya.

Mai ciwon ido ko lalurar sauyin yanayin rai ya fara ganin likita.