Yadda za ka fahimci raha mai ɗaci a zanen barkwanci na bayan fage

Wanda ya saba da zanen barkwancin jarida, inda ake zana ɗan siyasa da ƙaton ciki a yi dariya a wuce, yakan rikice a ranar da ya fara cin karo da aikin masu zanen bayan fage, wato masu zanen da ba sa bin ƙa'idojin manyan kamfanonin ɗab'i, domin a wurinsu mutuwa da rauni da mummunan mafarki su ne kayan raha. Ina ganin wannan ruɗani ba ya rasa nasaba da gaggawar karatu, saboda haka matakin farko shi ne ka rage sauri.

Yana da kyau ka san asalin abin. A shekarar 1954 kamfanonin buga littattafan zane a Amurka suka kafa hukumar tace kansu, wadda ta hana zana abubuwan ban tsoro da wulaƙanta hukuma. Matasan da ƙa'idar ta ƙuntata wa sai suka koma buga nasu da kansu, kuma mujallar Zap da mai zane Robert Crumb ya fitar a San Faransisko a 1968 ta zama jagora. Mummunan abin da kake gani a irin waɗannan shafuka sau da yawa martani ne ga wannan takunkumi.

Daga nan sai ka koyi duban fuska kafin ka dubi abin da ya faru. Joan Cornellà, mai zane ɗan birnin Basalona na ƙasar Sifen da aka haifa a 1981, yakan raba shafinsa gida shida, kowane gida da zanensa, ba tare da kalma ko ɗaya ba, da launuka masu haske irin na tallan sabulu. Mutanensa sanye suke da tufafi masu tsabta, kuma ko hannu ya gutsure ko jini na zuba, murmushin da ke fuskarsu ba ya gushewa. Ka rufe gida na ƙarshe da tafin hannunka, ka yi hasashen yadda labarin zai ƙare, sa'annan ka buɗe. Tazarar da ke tsakanin abin da ka zata da abin da ka tarar ita ce mazaunin dariyar, kuma idan ka sake dubawa za ka gane cewa ba mai raunin ake yi wa dariya ba, ana tona asirin mutanen da suka fi damuwa da kyan hotonsu a kan ceton ran maƙwabci.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ya kamata ka riƙa yi kullum, wato wa aka nufa da kibiyar? A watan Nuwamba na 1970 gobara ta kashe mutum 146 a wani gidan rawa a Faransa, bayan 'yan kwanaki kuma Janar de Gaulle, tsohon shugaban ƙasar, ya rasu a ƙauyensa na Colombey. Mujallar Hara-Kiri ta mako-mako ta haɗa labaran biyu a kanun bangonta, ta ce an yi mummunar rawa a Colombey, mutum ɗaya ya mutu, sai gwamnati ta hana sayar da ita. Masu kare ta sun ce da 'yan jarida take, waɗanda mutuwar babban mutum ta mantar da su matasan da suka ƙone. Idan kuwa ka bincika ka ga marar ƙarfi kaɗai ake tozartawa, kana da hujjar ajiye littafin, domin akwai ƙazanta da cin mutunci da yawa a wannan fage, har a cikin aikin Crumb kansa.

Wani lokaci kuma babu kibiya, mafarki ne kawai aka zana. A mujallar Garo ta Japan, wadda aka kafa a 1964, Yoshiharu Tsuge ya buga wani gajeren labari a 1968 game da yaron da wata halittar teku ta yanke wa jijiyar hannu. Ya shiga ƙauye riƙe da jijiyar yana neman likita, amma duk allon da ya gani a titi na likitan ido ne. Kada ka matsa wa kanka neman fassara a nan, ka tuna ranar da ka nemi taimako ka tarar da komai ban da abin da kake bukata. Ka karanta shi daga dama zuwa hagu kamar ajami, ka tsaya a kan kowane gida, har zuwa inda wata likita ta haɗa jijiyar da kusa irin ta famfo, wadda idan ya murɗa ta hannunsa yakan sandare.