Taswirar alƙaluma biyu: inda aka fi yin tuntuɓe

Duk wanda ya fara haɗa alƙaluma iri biyu a taswira ɗaya, a ce yawan talauci da yawan masu ciwon suga a kowace gunduma, yakan ɗauka aikin na zaɓen launi ne. Alhali tun kafin a kai ga launi ake ɓata ta.

Babban kuskure shi ne zuba adadi tsagwaronsa. Gunduma mai mutum miliyan 2 dole ta fi mai dubu 50 yawan marasa lafiya, to me taswirar ta gaya maka? Inda jama'a suka taru kawai. A raba adadin da yawan mutanen yankin a samu kaso cikin ɗari, sannan a shafa launi. Kuma duka ma'aunan biyu za a yi wa haka.

Sai kwaɗayin rukuni. In ka kasa kowane ma'auni gida uku, wato ƙasa, tsakiya da sama, launi 9 ke nan. Gida huɗu-huɗu ya zama 16, biyar-biyar 25. ArcGIS Pro, manhajar zana taswira, yana bari a kai huɗu-huɗu, amma ni dai ban ga idon da zai bambance launi 16 a 'yan mitsi-mitsin gundumomi ba. Tsaya a uku.

Yadda ake yanka gidajen ya fi yawansu wahala. Irin waɗannan alƙaluma ba safai suke baje daidai ba: wurare biyu ko uku sun yi zarra, sauran sun cunkushe a ƙasa. In ka yanka da tazara iri ɗaya, kusan duk taswirar za ta fito fari fat, da ɗigo biyu masu duhu. Gara a jera yankunan daga ƙarami zuwa babba a raba su kashi uku masu yawa ɗaya. Daga nan, a cikin gidajen launi taran, ka duba kusurwoyin da ma'aunan suka saɓa, talauci sama amma ciwon ƙasa, ko akasin haka. Nan ne labarin yake. In babu ko yanki ɗaya a cikinsu, ma'aunan tafiya ɗaya suke yi, taswirar ma'auni guda ta ishe ka.

A manhajar taswira ta QGIS, da yawa sukan kwafi shimfiɗar gundumomin (layer) sau biyu, su ba ɗaya ruwan hoda ɗaya shuɗi, sai su rage ƙarfin launin ta sama zuwa rabi don a hango ta ƙasa. Launin yakan koɗe kamar tsohon zane. Zaɓi Multiply a wurin gauraya shimfiɗa, ka kuma kashe taswirar da ke ƙarƙashi, in ba haka ba ita ma za ta shiga cikin haɗin. Ja da kore kuwa a guje su, akwai masu karatu da ba sa bambance su.

Mabuɗin launi ma, wato bayanin abin da kowane launi ke nufi, ana kuskuren barinsa jeri biyu daban. Zana murabba'i mai gida tara, kibiya ɗaya ta miƙe sama, ɗaya ta yi dama, da lambobin da aka yanka a kai.

Kafin ka fitar da taswirar, buɗe teburin bayanan ka nemi layukan da suka zo babu komai. Excel yakan haɗiye sifilin farko, lambar yanki 01 ta koma 1, haɗin tebur da taswira ya ƙi kamawa. Yankin sai ya fito da haske, mai kallo ya ɗauka talauci da ciwo duk kaɗan ne a can. Mayar da lambar ta zama rubutu, ka sake haɗawa, waɗanda da gaske ba su da bayani ka ja musu layi-layi, ka rubuta hakan a mabuɗi.