Yadda Ake Zuwa Kai Tsaye Ga Sashen da Kake Nema a Fayil ɗin Rubutu Zalla

Fayil ɗin rubutu zalla, irin mai ƙarewa da .txt, yana da daɗin ajiye bayanai: ba shi da nauyi, kowace kwamfuta da waya na buɗe shi, kuma ba ya lalacewa don ka sauya manhaja. Sai ya yi tsawo wahalarsa take fitowa. Bayanai sun kai layi dubu biyu, kai kuwa sashe ɗaya kake so, ka yi ta gangarawa kana hawa har idonka ya gaji, wani lokacin ma ka wuce wurin ba ka lura ba. Gyaran wannan yana farawa ne daga yadda kake rubuta kanun sassa, tun kafin a zo batun manhaja.

Da farko, ka ba kowane kan sashe alama tasa. Zaɓi alamar da ba ta yawan fitowa a cikin rubutunka, ka sa ta a farkon layi, ba ko tazara ɗaya a gabanta. Ni na fi son #, wadda Markdown, wani tsarin tsara rubutu zalla da alamomi, ya yaɗa tun da John Gruber ya fito da shi a 2004. Babban sashe ya ɗauki ɗaya, ƙarami biyu, na ƙarƙashinsa uku:

    # Ayyukan wannan wata
    ## Taron ranar Talata
    ## Wasiƙun da ba a amsa ba
    # Karatu

Ka tsaya a kan tsari ɗaya, kada ka yi wasa da wannan. In yau ka sa #, gobe ka ja layi a ƙarƙashin kan, bincike zai kamo rabi ya bar rabi. Haka nan haruffa masu lanƙwasa: in ka rubuta "Ƙididdiga" a kan sashe, daga baya ka nemi "Kididdiga", kwamfuta za ta ce babu, domin a wurinta ƙ daban, k daban.

Mataki na biyu shi ne bincike tare da alamar. A Notepad, manhajar rubutu da ke zuwa da Windows, danna Ctrl+F. Kada ka rubuta "Taron" kawai, don kalmar tana iya fitowa sau talatin a cikin fayil ɗin, ka tsaya a kowacce. Rubuta "## Taron", sai ka sauka a kan sashen kai tsaye. In kuma "# " kaɗai ka nema, F3 zai riƙa kai ka kan sashe na gaba, Shift+F3 ya mayar da kai na baya.

Wanda ke amfani da Notepad++, wata manhajar rubutu dabam da Notepad, ya fi samun sauƙi, kuma a ganina nan ne aikin ya fi kyau. Buɗe akwatin bincike, zaɓi Regular expression (bincike da alamomi na musamman), rubuta ^# sannan ka danna Find All in Current Document. Alamar ^ tana nufin farkon layi, saboda haka # ɗin da ta faɗo a tsakiyar jimla ba za ta shigo ba. Duk kanun za su jeru a ƙasan allo, kowanne da lambar layinsa, tamkar shafin abubuwan da ke ciki a farkon littafi. Danna wanda kake so sau biyu, ka isa. In manyan sassa kaɗai kake son gani, ƙara tazara bayan #. Wuri biyu ko uku da kake yawan komawa kuwa, sa musu shaida da Ctrl+F2, sai F2 ya riƙa zagayawa da kai a tsakaninsu.

A manhajar VS Code, sauya ƙarshen sunan fayil ɗin zuwa .md, wato na Markdown. Rubutunka ba zai canza ba ko kaɗan, amma Ctrl+Shift+O zai fito da jerin kanun. Rubuta haruffa biyu ko uku na sunan sashen, danna Enter. Masu manhajar Vim su rubuta /^# su yi gaba da n, su koma baya da N. Umarnin grep -n "^#" bayanai.txt kuwa, in an rubuta shi a tagar umarni (terminal) tare da sunan fayil ɗinka a madadin bayanai.txt, yana nuna kanun da lambobinsu ba tare da an buɗe fayil ɗin ba.

Wani abin da ba na ba da shawara a kai shi ne rubuta lambobin layi da hannu a saman fayil. Ctrl+G yana kai mutum ga lambar layi, gaskiya ne, amma da ka ƙara jimla ɗaya a sama, duk lambobin da ke ƙasa sun goce. In kana son jeri a sama, kwafo sunayen kanun daidai yadda suke, harafi da harafi. A Notepad++ ka zaɓi sunan da ke cikin jerin, ka danna Ctrl+F3, zai kai ka wurin da sunan ya sake fitowa, wato kan sashen.