Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Gina Fom a Shafin Intanet

Kuskuren da ya fi cutar da mutanenmu shi ne hana fom karɓar wasu haruffa da sunan tsaro. Mai gina shafi ya ji cewa alamar hamza tana iya lalata umarnin SQL, wato yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, sai ya haramta ta gaba ɗaya, daga nan duk mai suna Sa'idu ko Mu'azu ba zai iya rubuta sunansa daidai ba, haka kuma wanda sunansa ke ɗauke da ɓ, ɗ ko ƙ idan su ma an haramta su. Wannan bai toshe ƙofar ɓarawo ba, domin mai kutse yana da wasu hanyoyin. Gyaran shi ne a daina liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin da ake aika wa rumbun bayanai, a shirya umarnin tun farko, sannan a tura bayanin daban, kamar yadda PDO, kayan aikin haɗawa da rumbun bayanai, ke ba da dama a yaren gina shafi na PHP. A kuma adana rubutu da tsarin UTF-8, wanda ke ɗaukar irin waɗannan haruffa, a tsaftace shi lokacin da za a nuna shi a shafi don kada ya rikiɗe ya zama umarni.

Wasu kuma suna tantance bayanai a burauza kawai, wato manhajar da mutum ke buɗe shafi da ita, alhali kowa yana iya tsallake wannan matakin. Dole sabar, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan, ta sake tantancewa. Kalmar sirri kuwa ba a adana ta yadda aka rubuta ta, sai an sarrafa ta da bcrypt ko Argon2, hanyoyin rikita ta yadda ba za a iya karanta ta ba, kuma fom ɗin ya bi ta HTTPS, wadda ke ɓoye bayanai a kan hanya.

Ta fuskar sauƙin amfani, an saba dogaro da dusasshen rubutun da ke cikin akwati a maimakon label na gaskiya, wato sunan gurbin da ke tsaye kusa da akwatin. Rubutun nan yana ɓacewa da zarar an fara cikawa, kuma makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo, irin su NVDA ko TalkBack, yana iya rasa sanin abin da ake nema a gurbin. Haka nan jan launi kaɗai bai isa ya nuna kuskure ba. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafi, na hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, waɗanda bugunsu na 2.2 ya fito a 2023, sun buƙaci a bayyana kuskuren a rubuce. Idan lambar waya ce ba ta cika ba, a faɗi haka a kusa da gurbin, kuma kada a goge sauran abin da mutum ya sha wahalar cikawa, musamman wanda ke aiki da ƙaramar waya da ƙarancin data.